Iblis ɗin Usta Faramarz

Mijina Faramarz, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, ya tsufa yana zana fuskoki a cikin littattafai, amma in ka zaga Shiraz gida-gida ba za ka sami fuska ɗaya tasa da ta rage ba. Ba rashin iyawa ba ne, iyawar ce ma ta ja masa. Shi ne mai zana Iblis da Fir'auna da Namarudu da duk wani la'ananne da labari ya bi ta kansa. Mutanenmu kuwa in suka buɗe littafi suka yi ido biyu da irin waɗannan, sai su lashi babban yatsa su murje fuskar, su bi ta da a'uzubillahi, su rufe littafin suna jin sun yi wa addini aiki. Iya yadda fuskar ta fito kamar za ta yi magana, iya yawun da za ta sha.

A gidanmu, kamar kowane gida a layin masu littattafai, kowa da nasa aikin. Ni Gauhar ni ce mai rubutu, tun ina gidan ubana nake kwafar littafi, in bar gurbin hoto inda ya kamata. Mijina ya cike gurbin da mugaye da dawakai da duwatsu. Wansa, Yaya Lutfullah, wanda muke zaune gida ɗaya da shi, shi ke da bayin Allah, annabawa da waliyyai. Aikinsa kuwa ga shi: ya zana riga, ya zana rawani, ya saki farin mayafi a inda fuska za ta kasance, sannan ya tayar da harshen wuta na ruwan zinare daga kafaɗa zuwa sama, alamar hasken da Allah ya ba su. Shi ke nan an gama. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin mutumin nan ya zana hanci ba.

Amma je ka kasuwa ka ga yadda ake yi da shi. Ba ya ɗaukar burushi sai da alwala, kuma sai ya tabbatar maƙwabta sun ji ƙarar buta. Masu shago suna tasowa su sumbaci hannunsa, wai hannun da ya zana annabawa. Mijina yana biye a baya da kwandon albasa, ba mai ce masa ko sannu, wasu ma har janye 'ya'yansu suke yi in ya gifta, don an ce mai zana Iblis dole sun saba da juna. Ni dai na san abin da hannun Yaya ya zana duk tsawon shekarun nan. Farin ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, wanda ko ni da ban iya zane ba zan yi shi ina kaɗa miya.

Littattafanmu ba a Shiraz kaɗai suke tsayawa ba, kuma kowace ƙasa da irin nata tsoron Allah. Turkawan Istambul suna son mayafi mai kauri da wutar da ta kai har saman shafi. Mutanen Buhara in sun saya sai su ɗauki alƙalami su ja layi a wuyan duk wani mai rai da ke cikin hoton, har jaki da tsuntsu, wai sun yanka su ke nan, mala'iku za su iya shiga gidan. Mu dai abin da mai saye ya ce shi muke yi. Abu ɗaya ne ba a taɓa samun saɓani a kansa ba daga gabas har yamma, wato fuskar da mijina ya zana sai ta tafi.

Littafi in ya tsufa akan dawo da shi a sake masa ɗinki. Da ya shigo gida Usta zai bar abin da yake yi ya buɗe shafinsa da rawar jiki, kamar uwa mai duba ɗanta da ya dawo daga tafiya. Kullum abu ɗaya yake tararwa, ƙahoni suna nan, ƙafafu suna nan, a tsakiya kuma wani damalmalallen launi. Akwai wani Fir'auna da ya yi wa aiki har idonsa ya yi ja, littafin ya dawo da rami, mai shi ya murza har yatsansa ya ɓulla ta baya ya cinye mini layi biyu na rubutu. Yaya Lutfullah ya leƙo ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yi haƙuri, ai shi ma yana da nasa ladan tunda yana samar wa Musulmi wurin zubar da yawu. Da gaske yake faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Daga baya ido ya fara yi wa Usta gardama. Ya riƙa kai takarda har tana taɓa hancinsa, yana ɗora wa tagar ɗakin laifi. Wata rana da hantsi muna zaune gindin bishiyar lemo a tsakar gida, ina fiƙe alƙalami, sai ya ce da ni: "Gauhar, idon nan ba zai kai ni baɗi ba. Guda ɗaya nake so ta rage. Fuska ɗaya tak, wadda in na mutu wani zai buɗe ya ce lalle mutumin nan ya iya."

Na so in ce masa ya koma zanen furanni, tunda ba mai tofa wa fure yawu. Amma na ga yadda yake kallon hannunsa, sai na haɗiye maganata. Tausayinsa na ji, kuma ba kasafai nake jin sa ba.

Ana nan sai ga wani ɗan kasuwa daga ƙasar Hindu, yana son littafin labaran waliyyai. Ya zauna ya sha ruwan rumman, ya jera mana sharuɗɗansa. A can wajensu ba a rufe fuskar waliyyi, suna son su ga wanda suke neman albarkarsa. Harshen wuta kuma ba sa so, a wurinsu wuta ta 'yan wuta ce. Abin da ake yi shi ne da'irar zinare a bayan kai, zagayayya kamar faranti. Yaya Lutfullah ya gyaɗa kai da nutsuwa irin ta manya, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ni da ke bayan labule na ga wuyansa ya jiƙe da gumi.

A cikin littafin akwai labarin wani waliyyi, Pir Hamush, wanda ya keɓe kansa a kogon dutse, Iblis ya je ya same shi don ya ruɗe shi. Da na gama rubuta shafin Usta ya sa na karanta masa har sau biyu. Layin cewa ya yi Iblis ya zo a siffar dattijo mai kyakkyawar tufa da carbi a hannu, ya tarar da Pir cikin tsumma. Tun zamanin kakanninmu duk mai zane da ya zo wannan wuri ƙaho yake sa masa da hauren giwa da jela, ba ruwansa da abin da aka rubuta. Usta ya ce shi wannan karon yadda littafi ya faɗa haka zai yi. Ba wai ilimi ne ya kama shi da tsufa ba. Lissafinsa shi ne in babu ƙaho, yatsa zai rasa inda zai sauka.

Ya shiga yawon neman fuska. Ya zauna a ƙofar masallacin Juma'a, ya zauna a gidan wanka, ya bi jana'izar manya, yana ƙare wa masu mutuncin gari kallo. Ya ɗauko goshi a wurin wannan, gemu a wurin wancan, ya dawo ya duƙufa da burushinsa na gashin kyanwa. Ranar da ya gama ya kira ni. Wallahi na daɗe a tsaye. Dattijo ne wanda za ka damƙa wa dukiyar maraya ba tare da shaida ba, da wani ɗan murmushi na mai jin tausayinka. Sai ka daɗe kana kallo sannan za ka ji tsoro ya kama ka, ka rasa dalili. A rayuwata ban ga abin da ya kai shi ba, kuma na faɗa masa, abin da ban saba ba.

Saura Pir Hamush, rabon Yaya. Ya yi alwala, ya yi riga, ya yi tsummoki, ya kifa ƙoƙon shan ruwa ya zagaye bakinsa ya sami da'irar. Sai aka zo kan fuska. Ido ɗaya ya haye goshi, ɗayan ya gangaro kunci. Ya je gyara hancin, hancin ya kumbura ya zama albasa. Ya ƙara launi don ya ɓoye, fuskar ta yi duhu, bakin ya karkace kamar na mai ciwon haƙori. Usta ya ce ya kawo ya taimaka masa, ba wanda zai sani. Yaya ya janye shafin ya ce Allah ya kiyaye hannun da ya saba da shaiɗanu ya taɓa fuskar waliyyi, ya ƙara da cewa ai bayin Allah ba kyau suka zo yi duniya ba. Haka aka ɗinke littafin aka yi masa bango.

Ɗan kasuwar bai dawo ba. Wasu suka ce jirgin ruwansa ya nitse, wasu suka ce aure ya yi a Hurmuz ya manta da waliyyai. Littafin ya zauna a kan kanta har Allah ya kawo tsohon alƙali Mu'inuddin, mutumin da yake da ɗaki guda na littattafai da ya jera bisa launin bango. A da can an ce malami ne sosai. Yanzu karatunsa shi ne in baƙi sun gama cin abinci ya sa a ɗauko littafi, ya buɗe wurin hotuna, ya yi ajiyar zuciya. Bangon namu ja ne, shi kuma yana da gurbi a layin jajaye, sai ya saya.

Ba a daɗe ba ya aiko yana gayyatar 'yan'uwan biyu cin abinci. Matarsa ma ta aiko mini, don haka ina zaune a ɓangaren mata, ina leƙen zauren ta ramukan katakon da ya raba mu. Usta ko shinkafar bai iya ci ba, sai juya ta yake yi. Aka wanke hannu, aka kawo littafin a naɗe cikin alharini, alƙali ya buɗe shafin kogo ya juyo da shi ga jama'a.

Dattijon Usta yana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Pir Hamush kuwa an murje shi har takarda ta yi furfura, fuska da da'ira da rabin wuya duk sun tafi. Alƙali ya yi bayani cewa shi kallo ɗaya ya yi ya gane la'anannen, ga muni, ga tsumma, ga rana a bayan kansa irin ta masu bautar wuta da suka rage a ƙauyuka. Ya ce duk baƙon da ya zo sai ya ba shi dama shi ma ya sa nasa yatsan. Sannan ya sunkuya ya sumbaci gefen rigar dattijon, ya ɗago da ƙwalla a idonsa, ya kama hannun Yaya Lutfullah.

"Malam Lutfullah, shekara da shekaru kana rufe mana fuskokin bayin Allah, ashe abin da kake gani ke nan a ƙarƙashin mayafin."

Kowa a garin ya san rabon aikin gidanmu, na kirki na Yaya ne, la'anannu na Usta. Na ga Yaya ya dubi shafin, na ga ya gane abin da ya faru, don har kunnensa ya yi ja. Na ce a raina to yau za mu ga amfanin alwala. Sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ni wane ne. A mafarki aka nuna mini."

Alƙali ya juya ga mijina ya ce shi ma ya yi ƙoƙari, don bai taɓa ganin Iblis mai muni kamar wannan ba. Jama'a suka yi dariya. Usta ya ce ya gode.

A hanyar gida Yaya ya yi gaba da sauri, wai zai riski jam'in la'asar. Ni kuwa na tasa Usta da faɗa tun daga ƙofar alƙali har layinmu. Sai da muka shiga gida sannan ya ce mini in ya yi magana yau, gobe fuskar ta tafi. Sunan wa ke kanta bai dame shi ba, ita dai ta tsira. Ƙarya yake yi, ya dame shi ƙwarai, kwana da kwanaki ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Amma ya daure, kuma ban taɓa zaton yana da wannan dauriyar ba.

Labarin fuskar ya bazu. Alƙali ya fara buɗe zaurensa ranar Juma'a bayan an sauko, mutane su yi layi su ga Pir Hamush. Wata mata ta kai ɗanta mai zazzaɓi, zazzaɓin ya sauka, kamar yadda zazzaɓi yakan sauka, sai layin ya kai har bakin titi. Masu kuɗi suka yi ta zuwa gidanmu suna son Yaya ya yi musu waliyyi mai buɗaɗɗiyar fuska. Ya ce musu irin wannan sau ɗaya ake ba bawa, ba a maimaitawa. Wannan amsar ta ƙara masa daraja fiye da in da ya zana.

Abin da ya ɓata zaman shi ne wani baƙon malami daga Istambul da ya sauka a gidan alƙali. Aka nuna masa shafin ana jiran ya yi kuka, sai ya ɓata rai. Ya ce a ƙasarsu ba a barin irin wannan fuska a buɗe kowane mai sayar da gawayi yana zuba mata ido, wannan rashin ladabi ne, kuma ina wutar da ta kamace shi? Alƙali Mu'inuddin zai iya jure komai ban da a ce Baturke ya fi shi ladabi. Washegari da safe ya aiko a kira Yaya Lutfullah ya zo da farin launi da ruwan zinare, a sa wa Pir mayafi.

Usta ya ji saƙon yana tsakar gida. Ya sa takalmi ya bi wansa. Ni ma na ja mayafina na bi su, na shiga ta ƙofar mata na koma wurina na leƙe. Littafin yana buɗe a kan ɗan teburin karatu, alƙali da Baturken suna zaune, ga wasu dattawan unguwa da aka kira su shaida. Yaya ya durƙusa yana dama farin launi a cikin ƙwarya 'yar ƙarama. A nan ne dauriyar mijina ta ƙare.

"Allah ya gafarta Malam, kada a rufe ta. Ni na zana fuskar nan. Kuma ba Pir Hamush ba ne, Iblis ne."

Alƙali ya yi murmushi ya ce da Baturken ya gani ko, hassada har tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya ya ci gaba da dama launinsa kamar ba da shi ake ba. Usta ya ce to a karanta abin da ke rubuce a saman hoton. Alƙali ya jawo littafin da isa, ya karanta layin nawa da ƙarfi, karon farko tun da ya saye shi. Ya fara da murya irin ta mai yanke hukunci, da ya kai wurin kyakkyawar tufa da carbi sai muryar ta shige ciki. Dattawan nan kowannensu ya taɓa sumbatar rigar nan, wasu har sun kawo matansu. Na ga ɗaya yana goge leɓensa da hannun riga a ɓoye.

Mutum ba ya shekara da shekaru a kujerar shari'a a banza. Alƙali ya tambaya wa ya rubuta littafin. Usta ya ce matarsa ce.

"To ai ka ji," in ji alƙali, ya dubi jama'a. "Hannun mace ne." Dattawa suka saki numfashi gaba ɗaya. Ya juyo ga mijina, ya lashi babban yatsansa a hankali, ya tsayar da shi a saman fuskar. "Usta, magana biyu ce. Ko dai matarka ta juya sunaye, a gyara, kowa ya tafi gida. Ko kuwa kai ka zauna da gangan ka yi wa Iblis kwalliya, Musulmin Shiraz suka yi layi suna sumbatarsa. In ta biyun ce, zan fara da wannan, sannan a kai ka inda ake kai irinku. Wacce ce?"

Ina kallon mijina ta ramin katako. Na san shi, ba tsoron inda za a kai shi yake yi ba, ko jin wannan ɓangaren bai yi ba. Idonsa yana kan yatsan nan mai sheƙin yawu. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce: "Matata ce ta yi kuskure, Allah ya gafarta Malam. Ta saba."

Wannan "ta saba" ɗin ba wanda ya tambaye shi, kyauta ya ƙara. Ni da ubana yake dukan yatsuna da kan alƙalami in na bar ɗigo, ni da ban taɓa tsallake layi ba tun ina da ƙuruciya, aka miƙo mini littafin ta ƙarƙashin labule da wuƙar kankara da tawada. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kankare rubutuna mai kyau, na mayar da tsumma jikin Iblis, na ba Pir Hamush kyakkyawar tufa da carbi. Matar alƙali tana gefena tana ba ni haƙuri, wai ai mu mata haka Allah ya yi mu, ita ma takan manta gishiri.

Aka mayar da littafin zaure, Yaya ya gyara zama ya ɗauki burushi. Usta ya matsa kusa da shi ya yi ƙasa da murya, amma na ji shi. "Yaya, don Allah ka sa shi da ruwa-ruwa."

Yaya bai ko dube shi ba. Baturke yana kallo, ga alƙali, ga dattawa, kuma wannan ne aiki ɗaya a duniya da ya iya. Ya shimfiɗa farin nan da kauri, ya jira ya sha iska, ya sake bi. Sannan ya tayar da wuta ta zinare har ta fita daga hoton ta shiga gefen shafi. Baturken ya ce ko a Istambul bai ga mayafi mai kyau kamar wannan ba, alƙali ya sa aka kawo alewa.

Na yi wata guda ba na yi wa Usta magana sai abin da ya zama dole. Shi ma bai nemi in yi ba. Bai sake ɗaukar burushi ba, ya ba maƙwabci launukansa, idon kuwa ya ci gaba da tafiya har sai ya lalubi ƙoƙo kafin ya ɗauka. Abu ɗaya ya rage masa, ranar Juma'a ya sa rigarsa mai kyau ya je ya bi layi a ƙofar alƙali tare da masu zazzaɓi da masu neman haihuwa. In layi ya zo kansa ba ya sumbata. Sai ya roƙi mai tsaron littafin ya bar shi ya ɗaga shafin ya saita shi da taga, rana ta bugo ta baya. Ya tsaya yana kallo hawaye na zuba, har sai na bayansa sun fara tsaki. Yanzu a unguwarmu da shi ake yi wa yara misali, wai dubi mai zana shaiɗanu yadda albarkar Pir ta sa ya tuba. Masu shago sun fara gaishe shi, har akwai wanda ya taɓa sumbatar hannunsa.

In ya dawo yakan ce mini tana nan, in rana ta yi kyau ana ganin ta sarai ta cikin farin, ido da gemu da komai. Na gaji da ji, sai wata ranar da aka keɓe wa mata na je da kaina. Rana ce tas, ko gajimare babu. Na ɗaga shafin na saita da taga, na karkata shi dama, na karkata shi hagu, na kai idona har yana taɓa takardar, kuma idona ni lafiyarsa ƙalau. Babu komai sai fari. Yaya ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Da na shigo gida na tarar da shi a gindin lemo, ya juyo da kai wajen motsin takalmina.

"Kin gan ta?"

Na cire mayafina na rataye, na ɗauko masa ruwa na sa masa ƙoƙon a hannu.

"Na gan ta, Usta," na ce. "Lalle mutumin nan ya iya."